Mene ne aikin 2, L da O/D a motar otomatik, kuma shin ya dace a sake ta firi a gangara?

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jega. Shekara da shekaru Golf mai giyar hannu nake tuƙawa, bana Allah ya hore mini na sayi Corolla 2006 otomatik, 'yar Kwatano. A jikin giyar akwai P, R, N, D, 2 da L, sannan ga wani ɗan maɓalli a jikin sandar, idan na danna shi sai O/D OFF ya kama a dashbod. Tun da na saye ta D da R kawai nake sa mata, in na tsaya in sa P. Motar surukina kuma S gare ta da alamar + da -. Iyalina 'yan Zuru ne, ina yawan bin hanyar, kuma direbobi a tasha sun ce in riƙa mayar da ita N a gangara don ta rage shan mai. Don Allah a yi mini bayani kada in kashe giyar da hannuna."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa a more ta lafiya. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko sauran haruffa da lambobin nan suna da aiki, yaushe ake taɓa su, sannan ko shawarar 'yan tasha abin bi ce. Gyaran giya ne sana'ata a Birnin Kebbi, kuma mafi yawan giyar otomatik da ake kawo mini a mace ba tsufa ne ya kashe ta ba, zafi ne. Don haka za ka ji ina ta komawa kan maganar zafi.

Abin da ke cikin giyar

A Golf ɗinka abu uku ke haɗuwa kafin giya ta canza: idonka ya ga hanya, ƙafarka ta taka kuloci, hannunka ya ja sanda. A otomatik an ɗauke maka biyun ƙarshe. A madadin kuloci akwai wata kewayayyiyar tukunyar ƙarfe tsakanin injin da giyabos, cike da man giya, muna ce mata kombata. Ka san injin ban-ruwan da ake noman rani da shi a fadama, farfelar cikinsa ce ke juyawa ta turo ruwa da ƙarfi. To ka ɗauka an sa wata farfela a gabanta ruwan yana bugun ta, dole ita ma ta juya ko da babu ƙarfen da ya haɗa su. Haka kombata take, sai dai ita mai ne a cikinta. Farfela ɗaya injin ke juya ta, ɗayar tana haɗe da giya. Shi ya sa za ka tsaya cak a D, ƙafa kan birki, mota ba ta mutu ba, man ne ke sulɓewa a tsakaninsu. Wannan sulɓewar ita ce babbar mai haifar da zafi. Saboda haka aka sa wani kuloci a cikin tukunyar da ke ɗaure farfelun biyu su zama abu guda da zarar mota ta miƙe hanya, sai zafi ya sauka, shan mai ma ya ragu.

Bayan kombata sai haƙoran giya. Abin da ke bambanta giya ɗaya da biyu da uku shi ne wane ɓangare na haƙoran aka riƙe, wane aka bari ya juya. Wasu siraran fayafayai masu fata ne ke riƙewar, waɗanda muke kira faiba, kuma matsin mai ne ke matse su. Famfon da ke samar da matsin injin ne ke juya shi, wato in injin ya mutu famfo ya tsaya. Mai ba da umarnin canji kuwa kwamfutar mota ce. Tana lura da gudun mota, da yadda ka taka totur, da juyin injin, da zafin ruwa, sai ta buɗe wa mai hanya ta nan ko ta can.

Abin da kwamfutar ba ta da shi shi ne ido. Ba ta san akwai gangara a gabanka da kwana a ƙarshenta ba. Ba ta san ka zuba buhunan shanshera a but ba sai ta ji nauyin a jikinta, ba ta kuma ga yashin da ruwa ya tara a kan hanya ba. Ta 2 da L da maɓallin nan kake gaya mata abin da ka hango.

P, R, N da D

P ba birki ba ce. Wata 'yar ƙugiyar ƙarfe ce da ba ta wuce yatsa ba, take faɗawa tsakanin haƙoran wani faifai a cikin giyabos ta hana shi juyawa. Idan ka yi fakin a tudu ka sa P ka saki birki, za ka ji motar ta ɗan gangara ta tsaya, to nauyinta duka ya hau kan ƙugiyar ke nan. Gobe in ka zo cirewa sanda ta yi tauri, ta fita da ƙara "kaf". Yadda ya dace shi ne ka taka birki, ka ja hambirki, ka bar nauyin ya zauna a kansa, sannan ka sa P. Kuma kada ka taɓa sa P mota na motsi ko da kaɗan ne.

R ma sai mota ta tsaya cak. Wannan ɗabi'a ta a yi ribas, mota na komawa baya a buga D, tana cin faiba a hankali, domin su ne ke tsayar da nauyin motar a maimakon birki. Takalmin birki da arha, sauke giya kuwa ba arha. An sa N a tsakanin R da D ne da gangan. A wasu tsofaffin motocin Amurka R tana can ƙarshe kusa da L, mutane na kuskure su faɗa ribas, har aka daidaita jerin a shekarun 1960 zuwa yadda kake gani yau.

N firi ce, injin na aiki amma bai haɗu da taya ba. A danja ko ɗan gosulo ba sai ka koma N ba, ka zauna a D ka riƙe birki. Idan tsayuwar ta yi tsawo, kamar layin gidan mai ko cunkoson ranar kasuwar Jega da rana tsaka, ka sa N da hambirki ko P, kombata ta huta. A P ko N kaɗai mota ke tashi. Ranar da ka murɗa makulli a P ta yi shiru alhali batir na da ƙarfi, ka taka birki ka gwada a N, sau da yawa makunnin da ke gane inda sanda take ne ya goce.

D ita ce ta kullum, kuma ba ka yi laifi ba da kake zaune a kanta. Corolla irin taka giya huɗu gare ta, a D tana hawa daga ɗaya zuwa huɗu da kanta. Idan kana son wuce tirela ba sai ka taɓa sanda ba, ka danna totur sosai, za ta sauko giya ɗaya ko biyu da kanta, injin ya yi ruri, ta ja. Wasu na jin rurin su tsorata su ɗaga ƙafa a tsakiyar wucewa, wannan ya fi rurin hatsari.

O/D, 2 da L

Giya ta huɗu ita ce O/D. A cikinta injin na juyawa a hankali mota na gudu, ita ce giyar doguwar hanya mai sauƙin shan mai. Idan ka danna maɓallin, O/D OFF ya kama, ka hana ta shiga ta huɗu ke nan, ta tsaya a uku. Akwai waɗanda nake gani suna yawo wata da watanni da wutar nan a kunne, suna zaton wani ƙarin ƙarfi suka kunna, alhali mai kawai suke ƙonawa. Daga Jega zuwa Koko a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, wutar nan ta kasance a kashe.

Amfaninsa na zuwa ne idan ka bar Koko ka kama hanyar Mahuta zuwa Dabai, inda ƙasa ta fara hawa da sauka, ga iyali a mota ga kaya a but. Za ka ji motar ta shiga huɗu, ta ji nauyi ta dawo uku, ta sake hawa huɗu, ta sake dawowa. Duk canji ɗaya faiba na gogar juna kafin su kama, kulocin cikin kombata ma yana saki yana kamawa, mai na ƙara zafi. Da ka ji ta fara wannan kai-da-kawo, danna maɓallin ta zauna a uku har ka gama hawan, sannan ka sake dannawa. A motocin da ba su da maɓalli, 3 ko D3 ce ke wannan aikin, kamar Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 mai giya biyar.

2 na nufin kada ta wuce giya ta biyu. A Toyota tana tashi da ɗaya ta shiga biyu ta tsaya nan. A Honda kuwa 2 na kulle ta a biyu, ko daga tsaye da biyun za ta tashi, wanda ke taimakawa a wuri mai santsi don taya ba ta samun ƙarfin da za ta yi ta wulwulawa. L giya ɗaya ce kawai, mafi ƙarfin ja, mafi ƙarancin gudu. Wurinta hawa mai tsauri da kaya, ko sauka mai tsauri a hanyar burji, ko ratsa wuri mai ramuka da kake son motar ta tafi a hankali ba tare da tana ta canji ba. Ni nakan ce wa masu mota kada su ja sanda zuwa 2 sai gudu ya sauko ƙasa da kilomita 60, L kuma ƙasa da 30. Ana iya yi mota na tafiya, ba sai an tsaya ba, amma a ɗaga ƙafa daga totur, a rage da birki tukuna.

S da + da - na motar surukinka

S kala biyu ce, kuma a nan mutane ke ruɗewa. A wasu motoci S na sa kwamfuta ta jinkirta canji, ta bar injin ya yi juyi sosai kafin ta hau giya ta gaba, ta kuma yi saurin saukowa da ka taɓa totur. Motar za ta yi zafin nama, ta ƙara shan mai. Maɓallin ECT PWR na wasu Toyota da Lexus kusan aikinsa ke nan. ECO kuma akasin haka, tana saurin hawa giya, totur ya yi sanyi.

A Toyota masu S da + da -, kamar Camry mai giya shida, lambar da ke fitowa a dashbod iyaka ce. S4 na nufin motar za ta yi ta canji tsakanin ɗaya da huɗu amma ba za ta wuce ba. Wato S3 na tsayar da ita a uku kamar O/D OFF ɗinka, S2 ita ce 2, S1 ita ce L. A motocin da aka rubuta M kuwa, yawanci giyar da ka zaɓa take riƙewa, sai dai ta sauko da kanta idan ka rage gudu sosai, ta kuma ƙi bin umarninka idan saukowar za ta sa injin ya wuce iyakarsa. Akwai SNOW a wasu Toyota da W a tsofaffin Marsandi, an yi su ne don ƙanƙara, suna tayar da mota da giya ta biyu. Mu nan a laka za su yi mana amfani. B da ke jikin Prius kuma aikinta riƙe mota a gangara.

Maganar N a gangara

Na san inda shawarar ta fito. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na neman inda zai tsimi lita, kuma direbobinmu da dabarar sakin firi suka tashi tun zamanin motoci masu kafireta. Ba mugunta ce ta sa suka gaya maka ba. Amma a motarka dabarar ba ta biya. Mota mai nozul da kwamfuta, idan tana cikin giya tana gangarawa da gudu ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta na yanke mai ne, tayoyi ke juya injin. Da ka sa N ka raba su, dole a ba injin mai don kada ya mutu. In ma akwai ɗan abin da ake samu saboda mota ta fi sulalewa a firi, bai taka kara ya karya ba.

Ba zan ce maka sa N sau ɗaya ko sau goma na fasa giya ba, don muddin injin na aiki famfo na tura mai. Hatsarin na wani wuri ne. A cikin giya injin na riƙe mota. A firi ba mai riƙe ta sai birki kaɗai, kuma birkin da aka daɗe ana dannawa a doguwar gangara yana ɗaukar zafi, ka fara jin ƙauri, takalmi ya daina kamawa sosai, in man birkin tsoho ne ya sha ruwa har tafasa yake ƙafa ta nutse ƙasa. Sannan in saniya ta faɗo hanya ko ɗan acaɓa ya yanko, kana buƙatar ka ba ta wuta ka kauce, sai ka taka totur injin ya yi ihu kawai. Ga kuma R tana maƙwabtaka da N, hannu na iya zarcewa. Masu kashe injin gaba ɗaya a gangara kuwa, wallahi da ransu da na fasinja suke wasa: sitiyari zai yi tauri, birki ma zai yi tauri sosai bayan taku ɗaya ko biyu, famfon giya ya tsaya alhali haƙora na gudu.

Abin da za ka yi a gangarar ƙasar Zuru akasin abin da aka gaya maka ne. Tun kana saman tudu, kafin gudu ya taru, danna O/D OFF. In har yanzu tana ƙwacewa, rage da birki ka ja 2. Injin zai ɗaga murya, ba komai, ba mai yake sha ba. Birki kuma ka riƙa taka shi da ɗan ƙarfi kana saki, kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa.

Yashi, laka da ruwa

A nan giyoyi suka fi mutuwa a ƙasarmu. An taɓa jawo mini wata mota da ta kafe a yashi a hanyar gona cikin zafin Afrilu, mai ita ya yi ta buga D, R, D, R yana ba ta wuta taya na wulwulawa, har ta daina motsi gaba da baya. Da muka kwance farantin ƙasan giyar, man da ya kamata ya fito ja garau baƙi ne wuluk, ƙaurinsa ya cika gareji. Maganaɗisun da ke cikin farantin ya yi gashi da garin ƙarfe, faiba kuwa fatarsu ta ƙone ta bar ƙarfe tsirara, wasu sun yi shuɗi don zafi. Motar ba ta da wani ciwo kafin ranar.

Idan ka kafe, gwaji biyu ko uku a hankali ya isa. Ka tabbata taya ta tsaya kafin ka canza tsakanin D da R. In ba ta fita ba ka sauka, a tone gaban taya, a sa itace ko duwatsu, a ɗan rage iskar taya, a samu masu turawa, ka sa L ko 2 ka taka totur sannu. Idan kuma ka hango yashin tun daga nesa, sa 2 kafin ka shiga, ka riƙe totur daidai, kada ka tsaya a tsakiya.

Da damina, inda ruwa ya haye hanya, ka sani giyabos na da ɗan hancin shaƙar iska a samansa. Ruwa ya kai nan zai shiga, kuma faiba ba sa jituwa da ruwa, fatarsu ɓarewa take. In ka ratsa ruwa mai zurfi, zaro sandar auna mai ka duba. Idan man ya yi kalar madara-madara kada ka ci gaba da hawa. Haka ma yake yi idan lagireto ya fashe ta ciki, domin ta cikinsa bututun sanyaya man giya ya bi. Wannan ne ya sa motar da ke yawan tafasa giyarta ba ta daɗewa.

Man giya da alamun ciwo

Duk iya sarrafa sandarka, in man ba nata ba ne aikin banza ne. Yawancin Toyota na shekarun motarka T-IV suke sha, na baya-bayan nan WS, Honda kuma DW-1 wanda ya maye gurbin Z1. Sau da yawa an rubuta a jikin sandar aunawa, ka karanta da idonka, kada ka yarda da "duk ja ne". Motoci masu giyar bel da ake kira CVT, irin yawancin Nissan na yanzu da Corolla daga 2014, nasu man daban ne, a zuba musu na gama-gari an kashe su. Man giyar motarka ana auna shi ne a wuri mai daidai, bayan motar ta yi zafi, injin na aiki, sanda a P. Honda kuma sai an kashe injin.

Wani abu da ya shafi canjin giya kai tsaye shi ne cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, da wasu abokan sana'armu ke yi wai don ƙasarmu da zafi. Toyota ba ta barin mota ta shiga giyar ƙarshe sai ruwan injin ya ɗumama. Da sanyin hunturu, motar da aka cire wa tamostat sai ta yi tafiya mai nisa a uku, mai ita ya zaci giya ce ta lalace. Kafin a ce maka a sauke giya, a duba wannan.

Idan ka ga O/D OFF na ƙyaftawa da kanta, ko D na ƙyaftawa a Honda, kwamfuta ce ke cewa ta ga matsala. Wani lokaci ma takan kulle motar a giya ɗaya tilo, yawanci ta uku, don ka lallaɓa zuwa gareji. A sa mata na'urar bincike a karanta kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, don sau da yawa waya ce ko sansa ko solonoyid, ɗan bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa man giya hanya. Jinkiri kafin ta kama idan ka sa D ko R da safe, ko injin ya yi ihu tsakanin giya biyu mota ba ta ƙara gudu ba, su ma ba abin bari ba ne. Daga nesa ba zan iya ce maka ga lafiyar giyarka ba, sai na ga man na kuma hau motar, kuma kowace ƙira da ɗan bambancinta, don haka in littafinta na cikin aljihun dashbod a duba shi, maganarsa na gaba da tawa.

Ɗabi'u biyu na Golf kuma ka bar su can. Ba a tura otomatik ta tashi, tunda babu matsin mai sai injin ya juya, in batir ya mutu sai a yi jamfin. Ba a kuma ɗaura mata igiya a ja ta daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi tayoyin gaba na ƙasa, domin haƙora za su yi ta juyawa ba man da ke zagaya su. A ɗaga gaban, ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota. In batir ya mutu sanda ta ƙi fita daga P, akwai ɗan murfi ko maɓalli kusa da ita, ka ja hambirki, ka danna shi da makulli, za ta saki ka kai ta N a tura ta gefen hanya.